Ba Aikin Oddvar Brenden Ne Ya Karkace Ba

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, Tordis ta kira ni ta ce mahaifinta, Oddvar Brenden, ya rasu a gidansa da ke bakin kogin Glomma, yana da shekara tamanin da ɗaya. Na yi mata gaisuwa, na ajiye waya. Na yi baƙin ciki, amma kunyar da ta rufe ni ta fi baƙin cikin nauyi.

Oddvar, da wuya a sami gida a kwarin nan da hannunka bai taɓa bindigarsa ba. Bindigogin da sojojin Jamus suka bari bayan yaƙin duniya na biyu, kai ka mai da su na farauta. Shagonka ba ya rabuwa da tukunyar kofi da masu hira. In an raba naman elg, wato ƙatuwar barewar dajinmu, da kaka, rabin kasonka ne ke isa gida, sauran ya tsaya a ƙofar tsofaffin da ƙafa ta daina kai su daji.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na kawo maka tsohuwar bindigar sojan da na gada wurin mahaifina, tsatsa ta ci ta. Ka leƙa bakinta a hasken taga, ka ce, "Eilif, wannan a ɗaki kuka ajiye ta ko a ƙarƙashin kogi?" Duk hunturun ka yi kana fama da ita. Ka kankare tsatsa, ka sassaƙe ƙotar, ka shayar da ita mai, ka ɗora mata madubin saiti. Ranar da na zo karɓa ka ce, "Abu ɗaya, ɗan birni. In ta jiƙe, goge ta ka bar ta inda ke da sanyi. Kar ka kai ta gindin murhu. Katako in ya ji wuta murɗewa yake, ya ture ƙarfen, saiti ya tafi. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Da ita na ci gwajin harbi na shekarar, harsashi biyar duk a tsakiya. Ranar farko ta farauta ruwa ya yi mana dukan kawo wuƙa. Na riga kowa komawa bukka, na jingina ta a gindin murhu tare da safata, har ƙotar ta ƙi taɓuwa don zafi. Washegari wani ƙaton elg ya fito mini a fili, taku sittin. Na auna kafaɗa, harsashi ya same shi a ciki. Ya faɗa daji yana zubar da jini.

Kowa ya san ba abin da maharbi ke jin kunyarsa kamar raunata dabba. Mutum tara na ƙungiyarmu ta farauta suka zuba mini ido, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Aikin tsohon nan ne. Idonsa ya tafi, ya ɗaura madubi a karkace."

Kana tsaye a wurin. Ka karɓi bindigar, ka shafa ƙotar, ka kai ta hanci ka shinshina. Na san ka gane. Ka miƙo mini ita, ka ce, "To, shi elg ɗin ba ruwansa da laifin wane ne. Mu bi jini." Yini biyu kana gaba da karenka cikin fadama, da shekara saba'in a kanka, har ka same shi ka hutar da shi.

Magana zarar bunu ce. Kafin shekara ta zagayo mutane sun fara kai bindigoginsu gyara garin Elverum. Bayan shekara uku ka rufe shago, ka ce yatsunka ne suka gaji. Ba ka taɓa tona ni ba, ko ga matarka Gunvor. In mun haɗu a kanti sai ka ce, "Ɗan birni, yaya tsohuwar bindigar tamu?" Ni kuma in yi dariya in wuce. Sau uku na tsayar da mota a ƙofar gidanka, sau uku na juya. Na riƙa ce wa kaina akwai lokaci.

Shi ya sa na rubuta wannan a jaridar kwarinmu da cikakken sunana, domin Jostein shugaban ƙungiyarmu da duk wanda ya ji maganata a ranar, ko aka kai masa ita, ya karanta. Idon Oddvar lafiyarsa ƙalau. Madubin a miƙe yake. Ni na gasa ƙotar, ni na yi ƙarya, shi ya rasa sana'arsa.

Allah ya jiƙanka, Oddvar, ya gafarta maka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini ban cancanta ba. Allah ya ba Gunvor da Tordis da jikokinka haƙurin wannan rashi. Gunvor, ranar Juma'a zan zo binnewa, zan tsaya a can baya. In kin ce in fita, zan fita. Wanda ya kamata in roƙa gafara ya tafi, ku kaɗai kuka rage mini.

Eilif Trøan