Hammadu Mai Harawa da Fanon Bisa Soro

Hannun dama na Hammadu duk zane ne, daga wuyan hannu har gwiwa, na hagu kuwa sumul. Mutanen Bande sun ɗauka aikin ƙaya ne. Ba ƙaya ba ce. Shekara talatin ke nan yana sayen harawa a ƙauyuka yana kaiwa kasuwar Dungas da ta Magariya a amalanken shanu, kuma bai taɓa ɗora dami ba sai ya zura hannun nan har cikinsa, don ya san akwai masu cusa kara a tsakiya su lulluɓe da ganyen wake. Ko damin liman ne sai ya zura. In an yi masa magana ya ce, "Ni ban ce ka cusa ba. Dubawa nake."

Da fano, faifan nan mai shan rana ya ba da wuta, ya fara bayyana bisa rufin gidajen gari, Hammadu ya yi shekara biyu yana bincike. Duk gidan da ya ga an sa, sai ya yi sallama ya tambayi maigidan, "Batir na nawa ke nan?" Ya lura wanda bai cika wata shida da sawa ba bakinsa yabo kawai, wanda ya shekara biyu kuwa sai ya ce "to, mun gode Allah" ya kawo zancen damina.

Matarsa Kellu ce ta ci ƙarfinsa, kuma ba da faɗa ba. Ta gaji da sayen batirin tocila, ta gaji da kai waya tasha a sa mata sharji. Ga uwar Hammadu, tsohuwa, duk bazara ɗakinta kamar tanderu. Ga kuma ƙanen Kellu, Abdulwahabu, yana da shagon kayan sola a Magariya, daga Kano yake ɗauko su. Hammadu ya sayar da maraƙin da yake kiwo, ya ce, "In kayan banza ne, na dai san gidan mai su."

Aka kafa fano ɗaya bisa soro, da batir, da ampul uku na haskaka ɗaki, da ƙaramar fanka ta tsohuwa. Bazara ta wuce, damina ta wuce, Hammadu bai samu abin kushewa ba.

Da kaka ta yi, aka sace fanon wani tela ranar kasuwa, da rana tsaka. Dama bisa soro Hammadu yake ajiye harawarsa kowace shekara, nesa da awaki da gara. Bana sai ya jera ta kewaye da fanon, dami bisa dami har tsayin ƙirji, yadda mai wucewa ba zai ga komai ba sai harawa. Bai gaya wa kowa ba, har Kellu. A ganinsa dabarar da mutum biyu suka sani ta tashi daga dabara.

Ba a yi sati biyu ba wuta ta fara mutuwa kafin isha'i. Hammadu ya fara zargin Kellu da sa wa maƙwabta wayoyinsu a sharji in ya fita. Ya riƙa tafiya kasuwa da igiyar sharjin a aljihu, ba abin da ya sake. Sai ya tuna Abdulwahabu ya zo gaisuwa kwanan baya, ya shiga ɗaki wai zai duba batir. Ya ce a ransa shi ke nan, yaron ya musanya masa da tsoho. Ya gaya wa Kellu ranar Juma'a zai kai ƙara wurin Maigari.

"Malam, ƙanena za ka tsayar gaban Maigari a ce ɓarawo?" in ji Kellu. "Da wane ido zan sake shiga gidanmu? Ko suna ko biki sai dai in ji a bakin mutane."

"In ba shi da laifi, Maigari zai wanke shi."

 Kellu ta ari wayar maƙwabciya ta kira ƙanenta.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Abdulwahabu bisa moto.

"Yaya Hammadu, an ce za ka sa a ɗaure ni. Na kawo kaina, ka huta da kuɗin kabu-kabu."

Ya fiddo abin awon wuta daga jaka. Hammadu ya ce, "Mayar da abinka. Kai ka saye shi, abin da kake so zai faɗa."

"To bari in ga fanon."

Hammadu ya jingina tsani, ya ɗaga murya don matan maƙwabta su kimtsa: "A gafara dai, maza za su hau bisa!"

Abdulwahabu ya hau, ya leƙa. Sai dariya ta kama shi har ya dafe dami don kada ya faɗo.

"Yaya Kellu! Mijinki ya gina wa fano rijiya! Rana ba ta leƙa shi sai ta zo tsaka!"

"Haske ai ko'ina akwai shi," in ji Hammadu.

"Kai da ka tashi a gona, ka taɓa ganin gero ya yi zangarniya a gindin tsamiya?"

Hammadu bai yarda ba. Abdulwahabu ya ce a miƙo fankar tsohuwa, ya cire batir daga lissafin, ya haɗa ta kai tsaye da fanon. Hammadu ya karɓi fankar ya girgiza ta kusa da kunne, ko an ɓoye wani abu a ciki. Tana juyi da ƙyar kamar mai jin yunwa. Ya kwashe damman gabas da hannunsa, rana ta faɗa kan gilashin, sai fanka ta ɗauka har tana kaɗa masa riga. Ya mayar da harawar, ta lafa. Ya sake kwashewa, ta sake ɗauka. Sau uku yana yi, yana kallon hannuwan Abdulwahabu, shi kuwa ya ɗaga su sama yana murmushi.

"Gaskiya ɗaya zan gaya maka," in ji Abdulwahabu da suka sauko. "Batirin ya sha yunwa, ba zai yi tsawon ran da ya kamata ba. In ɓarayi kake tsoro, a yi masa gidan ƙarfe da kwaɗo."

"Kin ji ko, Kellu? Abin ba ya ƙarewa da saye. Yau ƙarfe, gobe batir."

"To ya biya maraƙin ko bai biya ba?" Abdulwahabu ya tambaya.

"Da maraƙin yana nan, da yanzu ya zama sa. Wannan kuwa kullum tsufa yake yi." Ya dubi ƙofar ɗakin uwarsa. "Amma tsohuwa ta yi barci a bazara. Ka tambaye ni in ya shekara uku."

Kellu tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, gobe fa Juma'a."

"Masallaci zan je."

Abdulwahabu ya ci fura ya tashi tafiya. Hammadu ya zaɓi dami biyu masu ganye cikin waɗanda ya sauke, ya ɗaure su da kansa a bayan moton, ya ce a ba ragon gida. Da ƙarar moton ta yi nisa, ya kwance shanunsa ya kora su rijiya.