Malam Ya Riga Ni Shiga Firjin Jikarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran surukina, tsohon malamin kimiyya, mahaifin matar ɗana, bayan doguwar jinyar ciwon hanta.

Malam, jika ɗaya Allah Ya haɗa mu a kanta, kuma ban taɓa yarda an yi rabon daidai ba. Ni tela ne, sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na koyi biyan baƙi. Ni na ɗinka mata rigar makaranta ta farko, amma kai take kai wa littafinta. In ta zo shagona zama take ta ci gyaɗa, ta kira ni angonta, ta wuce gidanka ku yi ta hira da kalmomin da ko a mafarki ban taɓa ji ba.

Kai ka zaunar da ni ka fassara mini aikinta na digirin digirgir, kana zane a kan teburin yankana da allin awo. Ka ce tana zuba wa jini wasu ruwan magani, inji ya juya shi, ya rabu biyu kamar mai da ruwa. A ɓangare ɗaya ana duba duk irin maiƙon da ke ciki. A ɗayan ana duba ƙananan sinadaran da jiki ke samarwa in yana sarrafa abinci. Ba a zaɓar abin da za a nema, koma ake jefawa, duk abin da ta kamo a tantance. Tambayarta ita ce, wace koma ce ta fi nuna ciwon hanta? Ka ce ta maiƙo. Nan take na ce ta ruwa, don kawai kada mu tsaya a layi ɗaya. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

Da ciwo ya kama ka, ka ba da jininka aka sa a binciken. Allah Ya sani na tausaya maka. Amma ranar da jikarmu ta ce kullum da safe sai ta gaishe ka in ta buɗe firjin ɗakin gwaji, abinci bai yi mini daɗi ba. Har cuta ma ta zaɓe ka ta bar ni.

Makon jiya ta kare aikinta a gaban manyan malamai, suka amince. Na yi ta rawa a tsakar gida har ƙafata ta kumbura, ko kunyar surukata ban ji ba. Sakamakon kuwa bai raba mana gardama ba: kowace koma ta kamo abin da 'yar'uwarta ta bari, sai an haɗa su hoton yake cika. Na so in zo in faɗa maka ba ka ci ni ba. Kujerarka na tarar babu kowa, an kai ka asibiti, ba ka kuma dawo ba.

Bayan an watse daga zaman makokinka, jikarmu ta riƙe hannuna, ta ce bincike na gaba yana buƙatar tsofaffi masu lafiya, sa'anninka, don a kwatanta da marasa lafiya. Wai kai ka bar mata saƙo a asibiti: "Ki ɗauki na Tela. Lafiyarsa ƙalau, kishi ne kawai ke damunsa, shi kuwa injinku ba ya ganinsa."

Jiya da safe na je ban karya ba, kamar yadda aka ce. Na sa hannu a takardar yarda da rubutuna na ajin yamma, nas ta ɗibi jinin. Na roƙi jikarmu ta ajiye kwalbata kusa da taka, ba bayanka ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya sa jinyarka ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinka. Ya ba matarka Hajiya da surukata da sauran zuriya haƙurin rashinka. Ya sa jinin da ka bari ya zama sadaka mai gudana.

Jikarmu ta ce akwatin kwalaben da ke cikin firjin ya ɗan matse. Ka matsa mini kaɗan.