Takardar Sallamar Baba Tsoho

Har yau in na ji warin kafur, adakar kakana nake tunawa. Baba Tsoho muke ce masa. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, yana zaune da mu a Unguwar Sarki, inda mahaifina ke aikin akawu a ma'aikata.

Wata ranar damina, ina aji shida, ruwa ya hana shi fita majalisa. Ya leƙo ya ce, "Amaryata, zo, amma bakinki alaikum." Ya buɗe adaka ya zaro takardar sallamarsa daga soja. Ya miƙo mini, ya ce in karanta masa.

Ashe shekara talatin bai bari kowa ya karanta ta ba, har mahaifina. A can daji an harbi abokinsa a bakin wani kogi. Hafsansu Bature ya ce a wuce, shi kuwa ya ƙi. Kwana biyu yana gadinsa, sannan ya goyo shi har sansani. Baturen ya yi ta faɗa. Ranar sallama kuma ya rubuta kalma ɗaya a gurbin hali, fuska a murtuke. Baba Tsoho ya sakankance an rubuta shi mai taurin kai ne. Ko aikin gadi bai taɓa nema da takardar ba, don kunya.

Na duba: steadfast. Wallahi ban san ta ba! Na ruga na kinkimo ƙaton ƙamus ɗin mahaifina, wanda aka hana mu taɓawa. Ruwa na dukan kwano, ni ina bin layi da yatsa. In zagi ne, yaya zan faɗa masa?

Ƙamus ya ce tsohuwar kalma ce, tun zamanin kakannin kakannin Turawa, kuma biyu aka haɗa. Ta farko wuri, ta biyu kafewa. Da ita suke yabon mayaƙin da ya tsaya inda yake bai gudu ba. Daga baya ta zama sunan duk wanda ba ya juya wa amana baya.

"Sake karantawa," in ji shi. Na sake. Sai ya fashe da dariya har da hawaye.

Kakata, wadda ashe tana laɓe a bakin ƙofa, ta tafa hannu. "Oh ni! Malam, yabo ka kulle da kwaɗo shekara talatin?"

Washegari ya sa babbar riga ya ja ni majalisa. Sau huɗu na karanta, har da tarihin, yana gyara mini kamar shi ya rubuta ƙamus ɗin. Ban taɓa jin daɗin boko irin na ranar ba.

Yanzu jikokina waya suke tambaya, kafin ƙiftawar ido ta ba su ma'ana, su manta kafin la'asar. Ni kuwa na tsufa ina koyar da Turanci, na cika takardun shaidar ɗalibai ba adadi. Sau biyu kacal na rubuta wa wani kalmar nan. Na san nawa Baba Tsoho ya saye ta.