Adda Fadimatu, wadda ta hana a nuna fuskar Bintu

Kullum da safe Adda Fadimatu kan hau keke daga Adarawo zuwa Jimeta, ta zauna gaban talabijin har la'asar. Maƙwabta na cewa gwamnati na biyanta ta yi kallo. Wannan magana tana ƙona min rai. Aikinta duba shirye-shiryen sababbin tashoshin dijital ne, kuma sai ta ce sun dace ake maganar ba su lasisi.

A shekarun da 'yan gudun hijira suka cika Yola, wani Alhaji Bobboyi ya kawo shirin gwajin tasharsa. A ciki akwai hira da Bintu, wadda ta tsero daga hannun 'yan Boko Haram ta bar ƙanwarta Hafsah a can. Ga fuskarta sarai, ga sunan ƙauyensu, ga hanyar da ta bi.

Adda ta ce a rufe fuskar, a cire sunayen.

Bobboyi ya ce, "Haba Adda, ai fuskan shi ne labari. Wa zai kalli mutum ba fuska?"

Ta ce, "Waɗanda ke riƙe da ƙanwarta. Su ma suna kallo, Alhaji."

Shi ke nan, ta zama abokiyar gabar ci gaba. Aka tura mata dattawa har gida. Aka ce baƙin ciki take yi da ɗan gari. Masu faɗin haka ba wanda ya taɓa tambayar me za a yi wa Hafsah in shirin ya fita. Ita kuwa ta ƙi sa hannu, har Bobboyi ya gaji ya gyara, ya samu lasisinsa.

Ke ce mai taurin kan da muke buƙata, Adda. Kin sha zagi saboda yarinyar da ba ki taɓa gani ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu gadon kujerarki, don Allah ku riƙa tuna wa ke kallo kafin ku sa hannu.

Makon jiya aka yi mata walimar ritaya. Duk tashoshin da suka bi ta teburinta, ko ɗaya ba ta turo kyamara ba, har da ta Bobboyi. Bintu dai ta zo daga unguwar Rumde. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta jawo hannun wata mata da ke bayanta.

Ta ce, "Adda, ga Hafsah."