Asabar ɗin da Rana ta Kisfe

Jiya da aka ɗauke wuta jikata ta kunna fitilar ƙwai, sai warin hayaƙin nan da ke baƙanta gilashi ya bugi hancina. Wallahi nan take na koma aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, can tsakanin Karaye da Rogo.

A shekarar kakana ya riga ya yanke hukunci: da an ba da hutu zai cire ni daga boko in bi shanu. Ya ce duk zaryar da nake yi bai ga abin da na ƙaru da shi ba sai wanke ƙafa da tsayawa a layi. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina.

Ana cikin haka malaminmu, wani siriri mai tsohon keke, ya shigo aji da lemo da goruba da tocila. Lemon duniya ce, gorubar wata, tocilar rana. Ya gitta gorubar a tsakani, inuwa ta faɗa kan lemon, ya ce ranar Asabar wajen azahar haka za a yi a sama, rana za ta kisfe. Da gudu na kai labari gida.

"Wato malamin naku har gaibu ya sani?" in ji kakana.

Na ce ba gaibu ba ne, lissafi ne.

"To. In ta kisfe, ka zauna. In ba ta kisfe ba, ga sandar kiwo can."

Asabar ta zo da hadari, don damina ce. Malam ya tara mu a fili, ya raba mana fasassun gilasai da ya turara da hayaƙin fitila, ya hana kowa ɗaga ido haka nan. Can sai gajimare ya yage, ga rana kamar an gutsure ta! Haske ya dushe, kaji suka nufi akurki, mata na ta buga kwanoni, ladan ya kira salla. Mu kuwa tsalle muke muna ihu, har da malam.

Ina juyawa na ga kakana, wanda bai taɓa taka filin nan ba. Ya karɓi gilashina ya duba, ya daɗe, ya yi kabbara. Sannan ya ce, "Malam, wannan yaron na bar maka shi."

Bara na leƙa makarantar. Azuzuwa sun ƙaru, yara sun cika su maƙil, galibi a ƙasa suke zaune. Na tambayi jikan ƙanena me ke sa rana ta kisfe, ya ce ba a koya musu ba. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Sai na aike shi ya samo mini lemo da goruba.