Baba Hudu, Mai Tambayar Ƙasa

Kowace Alhamis, tun kafin takwas na safe, Baba Hudu ya sauko daga hawa na goma sha ɗaya na gidansu a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon, jakar riguna a kafaɗa, tsohon gwangwanin madara a hammata. In na'urar hawa bene ta lalace, kuma lalacewa ce babbar sana'arta, da ƙafa yake saukowa yana gaisawa da mutanen kowane hawa. Cikin jakar akwai riguna goma sha takwas. A da kore ne shar, yanzu kuwa wanki ya cinye su har 'yan sauran makarantu suka laƙaba wa masu su suna Ƙadangaru. Cikin gwangwanin akwai ƙusoshin takalmin ƙwallo, gajeru na roba da dogaye na ƙarfe, da ɗan ƙarfen da yake murɗa su da shi. Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana wannan sammako.

A takarda, aikinsa kula da ɗakin ajiyar kaya ne a wata ƙaramar makarantar koyon aikin injiniya da ke bayan garin Lyon. Babu inda aka rubuta cewa shi zai wanke wa ƙungiyar ƙwallon makarantar riguna, ko ya tuƙa motar da ke kai su wasa. Shi ya ɗora wa kansa. Ƙungiyar ma ba ta a zo a gani ba ce. Rabinta ɗalibai ne daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, sauran 'ya'yanmu ne da aka haifa a nan, sai Turawa biyu da suka rasa gurbi a wani wuri. Sun sha kashi har sun daina ɓoye fuska in an tambaye su sakamako.

Abin da aka fi sanin Baba Hudu da shi ɗaya ne. Duk filin da za a yi wasa, sai ya riga kowa shiga. Ya tuɓe takalmi, ya taka zuwa tsakiya, ya durƙusa, ya luma yatsunsa cikin ƙasa. Ya yi haka a gaban raga, ya yi a gefe, sannan ya dawo ya ce gajeru, ko ya ce dogaye. Daga nan sai ya zauna bisa akwatin ruwa ya bi takalman ɗaya bayan ɗaya yana murɗa ƙusoshi. A gonar mahaifinsa ya koyi wannan, can Tasawa, inda ba a fita shuka don kawai an ji ruwa ya sauka, sai an tona an ga inda danshi ya tsaya. Karatun ƙasar noma ma ya kawo shi Faransa. Karatun bai ƙare ba, amma hannun bai manta ba. Ranar da wasa ya faɗa a filin roba kuwa, sai ka gan shi ya zumɓura baki a gefe kamar wanda aka hana tuwo, yana cewa wannan tabarma ce, ba fili ba.

Sau ɗaya tak bai yi ba, kuma ba ya son a tuna masa.

Shekara bakwai da suka wuce Ƙadangaru suka je wasa Paris. Baba Hudu yana da wani dattijo ɗan garinsu, Alhaji Mamadu, mai shagon wayoyi a unguwar Barbès ta birnin, wanda ya tarbe shi ranar da ya fara sauka ƙasar nan. Ina za a ce ɗan Tasawa ya shigo gari bai je gaida Alhaji ba? Ya ajiye yara a bakin fili ya ce minti talatin. To, kun san gaisuwarmu. An tambayi gida, an tambayi masu rai, an yi wa mamata addu'a, an ɗora shayi, kuma shayi ba a tashi a kofin farko. Da ya dawo an riga an busa usur, yara sun shiga da gajerun ƙusoshi saboda sun ga rana ta fito. Minti ashirin da farawa, Salmanu, ɗan wasan da ƙungiyar ba ta taɓa samun kamarsa ba, ya juya da ƙwallo, ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa, gwiwarsa ta tafi. Bai sake buga wasa ba. Yau shi ke koyar da lissafi a makarantar, shi ne kuma mai horar da ƙungiyar, yana ɗan ɗingishi. Bai taɓa ɗora wa Baba Hudu laifi ba. Baba Hudu ne ya ɗora wa kansa, yana kallon ɗingishin nan kullum safiya.

Bana, shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya, shugaban makarantar ya kira su biyun. Ya ce malamai suna kukan wurin ajiye motoci, filin ƙwallo kuma yana cin wuri a banza. In ƙungiyar ba ta kawo wani abin nunawa a gasar ƙananan makarantu ta bana ba, za a zuba wa filin kwalta, a rufe ƙungiyar. Da suka fito ne Baba Hudu ya ce wa Salmanu, “Ciyawar nan da hannuna na shuka rabinta. Ba ni tahiya in bar ta ƙarƙashin taya.”

Wasan farko, a Rillieux-la-Pape, aka zazzaga musu shida ba ko ɗaya. A hanyar dawowa motar ta yi tsit, sai Rachidou, mai tsaron raga ɗan Damagaram, da ke jan hanci a baya. Baba Hudu ya miƙa masa dabino ta kan kafaɗa ya ce, “Ci. Shidda ce, ba ashirin ba. Na ga ashirin da idona.” Mako na gaba suka yi canjaras. Sai ga ruwan Nuwamba, filaye suka jiƙe, ranar Baba ta fito. Suka ci wasa huɗu a jere, har wani mai horarwa ya kai ƙara wai tsohon nan yana binne wani abu a fili. Alƙalin wasa ya zo ya duba, bai ga komai ba sai laka a farce. A Janairu aka doke su sau biyu a filin roba, Baba ya ce ai ya faɗa. Suka lallaɓa, suka tsallake da ƙyar, suka fitar da zakarun bara da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kafin mutane su gama mamaki, ga Ƙadangaru a wasan ƙarshe. A Paris. A filin da Salmanu ya faɗi.

Suna isa da hantsi wayar Baba Hudu ta yi ƙara. Alhaji Mamadu ne.

“Hudu, an ce mini kana cikin gari. Ga shayi bisa wuta.”

“Alhaji, a gahwarce ni. Yau sai na gaida ƙasa tukuna.”

Ranar Mayu ce mai kyau, rana ta buɗe, filin ya yi fes kamar an goge shi. Abokan karawarsu, 'yan wata babbar makaranta masu motar alfarma da likitansu, suna ta ɗumama jiki da takalma masu gajerun ƙusoshi. Baba Hudu ya tuɓe nasa ya shiga. Ya daɗe a durƙushe fiye da kullum. Ya tashi ya koma gaban raga, ya sake durƙusawa. Da ya dawo sai ya buɗe gwangwani ya ce, “Dogaye. Kowa da kowa.”

Rayan, kyaftin ɗin ƙungiyar, haifaffen Lyon, ya ɗaga hannuwa sama. “Tonton, franchement! Haba Baba! Filin nan ya bushe ƙamas. Da dogaye za mu kashe gwiwoyinmu, c'est pas possible, ba zai yiwu ba!”

“Zo nan, ɗana. Sa hannunka. Ƙara lumawa. Mi ka ji?”

Rayan ya ƙara luma yatsunsa. “Sanyi.”

“To. Sama ce ta bushe, ƙasan laka ce. Minti goma sha biyar za ta riƙe ku, daga nan ta buɗe.”

Yara suka fara guna-guni, domin duk ɗan ƙwallo ya san azabar doguwar ƙusa a busasshiyar ƙasa. Kowa ya juya ga Salmanu. Salmanu bai yi dogon bayani ba. Ya taka daga inda yake zuwa gabansu, taku biyar, a hankali, ya ce, “Sau ɗaya na shiga fili hannun Baba bai riga ni ba. Kun ga tahiyata. Ku miƙa takalmanku.” Waɗanda suke wurin sun ce tsohon ya duƙufa yana murɗa ƙusoshin, bai ɗaga kai ba har ya gama duka.

Minti goma na farko abin kunya ne. Ƙadangaru suna tafiya kamar masu taka ƙaya, aka zura musu ɗaya. Rayan ya waiwayo ya harari benci. Baba Hudu yana zaune, gwangwani a cinya, idonsa ba ya kan ƙwallo, yana kan ƙafafun mutane. Sai ga wani baƙin tabo ya fito a tsakiyar fili. Sai wani a gaban raga. Ɓawon nan na sama ya fashe. Babban mai tsaron bayan abokan karawar ya zo tare Rayan, ƙafarsa ta tafi gabas shi ya tafi yamma, Rayan ya wuce ya farke. Bayan hutu filin ya zama kwatami. 'Yan gayun nan suna ta faɗuwa kamar 'yan koyon keke, kuma ba su zo da wasu takalman ba. Saura minti takwas Ƙadangaru suka ƙara ta biyu. Sauran aikin Rachidou ya yi shi, wanda aka zura wa shida a Rillieux, ya dinga kafa ƙafa yana tashi yana cafkewa har aka busa tashi.

Yara suka ruga, ba wajen kofi ba, wajen akwatin ruwa. Kafin su ɗaga shi sama, Baba Hudu ya kamo hannun Salmanu.

“Salmanu, ka yahe mini ta waccan shekara?”

“Baba, ni ban taɓa riƙe ka ba. Kai ka riƙe kanka.”

Nan tsohon ya fashe da kuka, a gaban Turawa da kowa, bai ko damu ba. Sai da la'asar ya je Barbès, da samari goma sha takwas a bayansa da kofi a hannu, suka cika shagon Alhaji Mamadu har bakin titi. Wannan karon an sha shayin har kofi na uku, ba mai duba agogo.

Baba Hudu, kai ne wanda sunansa bai taɓa fitowa a takardar wasa ba, amma babu ƙwallon da Ƙadangaru suka ci da ba ta bi ta hannunka ba. Kai ne ka tuƙa su gida ranar shida ba ko ɗaya, da fuskar da ka tuƙa su ranar kofi. Ka yi kuskure sau ɗaya, kuskuren ɗan halak da ya girmama na gaba, ba ka ɓoye shi ba, ba ka kuma gudu ka bar wurin ba. Ka tsaya shekara bakwai kana gyarawa. Manomin birni, mai laka a farce, mun gode. Muna gode wa uwargidanka, Hajiya Balkisa, wadda ta haƙura da riguna goma sha takwas a barandarta tsawon shekarun nan. Allah ya sa ka huta lafiya, ya ba ka tsawon rai, ya saka maka da mafificin alheri.

Ku kuma 'yan'uwa da ke karatu da aiki a ƙasar nan, kowa ya zo da wani abu daga gida wanda yake ganin ba shi da amfani a nan. Kada ku jefar. Ku nemi inda ake bukatarsa, ko ba a rubuta muku a takarda ba, ku durƙusa ku yi.

Shugaban makaranta ya janye maganar kwalta, malamai sun ci gaba da yawon neman wurin ajiye mota. Gwangwanin madara yanzu yana hannun Rachidou. Alhamis ɗin da ta wuce Baba Hudu ya je ɗaukar sauran kayansa, ya biyo ta bakin fili don ya yi wa ciyawarsa sallama. Sai ya tarar da takalma a jere a gefe, da samari goma sha takwas da malaminsu mai ɗingishi, duk a durƙushe, kowa hannunsa cikin ƙasa.