Akwai Mutum a Ciki

Ku da kunka san Kawu Ɗanjumma tela a Talata Mafara, kun san bai taɓa kallon fim babu tef ɗin awo a wuyansa ba. Fim ɗin ma ba kowane ba, sai tsofaffin nan na dodanni, inda ƙaton ƙadangare ke fitowa daga teku yana tattake gari. Da an kawo wuta sai ya ture keken ɗinki, ko kayan Sallah ne a kai, ya kunna tsohuwar bidiyonsa da ta girme ni. Dodo na ruri, mutane na gudu, shi ko sai ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ce, "Ku duba hammata, ɗinkin ya buɗe. Akwai mutum a ciki."

Ni ma dariya nake masa, har shekarar da munka gudo daga Gidan Goga bayan 'yan bindiga sun shiga mana, munka sauka gidansa. Ɗiyata Hafsi tana da shekara shida. Tun ranar da munka fito ba ta sake cewa uffan ba.

Gidan kuwa kullum ana cikin rigimar dodo. Matarsa Inna Kulu ta ce, "Malam, da furfurarka kana kallon ƙadangare?"

"Ni ba ƙadangare nika kallo ba, aikin ɗan'uwana tela nika dubawa. Wutsiyar ga katifa ce anka yanka. Allah shi yi ma hannunsa albarka."

Babban tausayinsa mutumin da ke cikin rigar. Sai ya tsai da kaset ya girgiza kai. "Bawan Allah, in fitsari ya kama shi fa?"

Ɗansa Sanusi ya zo daga Bakura da sababbin finafinai a waya, wai a huta da tsohon yayi. Kawu ya leƙa kaɗan.

"Wa ya ɗinka wanga?"

"Baba, ba ɗinki ba ne, kwamfuta ce."

"To wa ya yi gumi?"

"Babu kowa."

"Ɗauke abinka. Dodon da babu kowa cikinsa, mi zan kalla?"

Wata huɗu Hafsi ba ta magana. An yi rubutu, an je asibiti, shiru. Ko ƙofa aka buga sai ta shige bayana. Kawu kan tsokane ta irin na kaka da jika, "Amaryata, yau ma ba a gaida miji?" Sai dai ta kalle shi.

Rannan ya rufe shago kwana uku. Wani mutumin Morai ya zo karɓar babbar rigarsa, ya tarar da shi yana awon wutsiya da buhun taki. Kawu ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, dodo ya riga ka kawo awo."

Rana ta huɗu bayan la'asar, ana tsakiyar zafin bazara, sai ga abu ya fito daga zaure. Jiki buhu da katifa, haƙora cokulan roba, idanu murafen kwalba. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata tsohon nan zai ƙarasa min yarinya. Hafsi ta ƙanƙame zanena.

Dodo ya yi ruri, rurin ya koma tari. Ya ɗaga ƙafa zai tattake gari, sai ga silifas ɗin Kawu, ɗaya shuɗi ɗaya ja. Akuyar Inna Kulu ta zo ta kama wutsiya tana ci. Can munka ji murya daga ciki, ƙasa-ƙasa: "Kulu, zip ya cije. Ku hidda ni, zan dahu."

Inna Kulu ta ce, "Dahu mana. Ai kai ke son gumi."

Sai na ji hannun Hafsi ya saki zanena. Ta taka a hankali, ta zagaya dodo, ta leƙa hammatarsa.

"Tsoho," in ji ta, "kai ne a ciki. Ɗinkinka ya buɗe."

Na zauna a ƙasa ina kuka. Dodo ya tsaya cak.

"Amaryata, sake faɗi. Katifa ta toshe min kunne."

Ƙarya yake, ya ji sarai. Sau uku ya sa ta maimaita. Da munka farke rigar da almakashi, fuskarsa sharkaf take. Har ya rasu bara yana rantsuwa gumi ne.

Yanzu Hafsi surutu har sai mun roƙe ta ta yi shiru, tef ɗin awon kuma yana wurinta, ba ta ba kowa.

Ya Allah, ka jiƙan mutumin da ke cikin rigar nan. Ya yi gumi saboda ɗiyata, ka sanyaya masa kabarinsa.